Kujerar Mulki da Bunƙasar Birnin Bauchi: Nazari Daga Ƙofar Wunti

Tsakure

Maƙalar tana ƙoƙarin nuna cewa kujerar mulki ce ta raini birnin Bauchi tun kafuwarsa, kuma kasuwanci da masana'antu sun biyo bayanta ne. An ɗauki Wunti a matsayin wurin nazari domin a nan tsohon gari da sabo suka haɗu.

Tun asali Bauchi garin sarauta ne. Malam Yakubu, Bageri, wanda ya karɓi tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa shi a 1809, ya kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi irin su Wunti, Ran, Nassarawo, Jahun da Wambai. Wurin da ya zaɓa, tsakanin duwatsu, wurin tsaro ne da tattara mayaƙa. Kano da Katsina sun yi suna da fatauci ɗaruruwan shekaru kafin jihadi, Bauchi kuwa fada ce ta fara tsayuwa, sannan malamai da maƙera da 'yan koli suka taru a gindinta. Da Turawa suka ci garin a 1902 ba su sauya wannan tsari ba. Sun mai da shi hedikwatar lardi, suka gina barikinsu a bayan ganuwa, don haka garin ya fara zubowa waje ta ƙofofinsa.

Wunti ta fi kowace ƙofa nuna wannan zubowar. Abin da a da yake iyakar gari yau ya zama cibiyarsa: kasuwa ta kafu a bakin ƙofar, hanyoyi sun haɗu a wurin, 'yan acaɓa da masu keke Napep suna kwasar ma'aikata da ɗalibai daga lungunan cikin gari zuwa ofisoshi da makarantun da ke waje. Duk mai shago a Kasuwar Wunti ya san ƙarshen wata ba sai ya duba kalanda ba, domin ciniki yana tashi idan albashi ya shiga, yana kwantawa idan ya yi jinkiri. Wannan shaida ce mai ƙarfi a kan inda kuɗin garin yake fitowa.

Za a iya cewa jirgin ƙasa ne ya buɗe garin. Tarihin layin dogo bai goyi bayan haka ba. Ƙaramin layin da aka sa wa sunan Bauchi, wanda ya tashi daga Zariya ya isa ƙasar kuza a 1914, bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Jos ya yi wa hidima, kuma a 1926 aka cire Filato daga lardin, arzikin kuza ya tafi da ita. Sai a 1961 dogo ya iso Bauchi, a kan hanyarsa ta zuwa Gombe da Maiduguri, amma bayan shekara 6 aka kafa Jihar Arewa maso Gabas aka kai hedikwatarta Maiduguri, garin ya ci gaba da zama garin lardi duk da tasharsa. Canjin gaske ya zo ne a ranar 3 ga Fabrairu, 1976, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ƙirƙiro Jihar Bauchi, garin ya zama hedikwatarta. Sakatariya da gidajen ma'aikata suka biyo baya, aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 1979, da jami'a a 1980, wadda ta zama Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1988. Unguwanni irin su Yelwa da Gwallameji a inuwar waɗannan makarantu suka cika.

Hujja ta biyu da ake kawowa ita ce ta masana'antu, musamman kamfanin harhaɗa motoci da taraktoci na Steyr. Amma shi ma shawarar gwamnatin tarayya ce ta kawo shi, kuma da ya durƙushe garin bai daina faɗaɗa ba. Akwai kuma masu danganta komai da yawan haihuwa da ƙaurar mutanen karkara, wanda gaskiya ne, sai dai bai bayyana dalilin da ya sa suke nufo Bauchi su bar Azare ko Misau ba. Gombe ta ba da amsa: da ta zama babban birnin jiha a 1996, irin wannan tururuwar ta koma can. Abin damuwa shi ne garin da ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumarsa kusan mutum rabin miliyan har yanzu yana numfashi ne da kason da ake rabowa daga Abuja.