Ciwon Sikila: Idan Yaro Ya Bar Ɓangaren Yara a Asibiti

A Ghana, kusan jarirai 2 cikin 100 ana haifarsu da ciwon sikila, wato amosanin jini. Alhamdu lillahi, da yawa yanzu suna girma. Inda muka fi sakaci shi ne lokacin da yaro zai koma ɓangaren manya, kamar a Asibitin Koyarwa na Tamale.

A ɓangaren yara uwa ce bakinsa, ita ke riƙe kati, ita ke tuna ranar ganin likita. A na manya kuwa shi za a tambaya. Don haka muke kira ga iyaye a Zogbeli su fara koya masa tun yana ɗan shekara 12: nau'in jininsa, SS ne ko SC, sunayen magungunansa, da abin da ke tayar masa da ciwon, irin su sanyin hunturu, zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin ruwa a jiki. A shekarun nan ne azumi ke hawa kansa, sai ya nemi shawarar likita kafin Ramadan.

Yafe kuɗin inshorar NHIS da ake yi wa yara yana ƙarewa a shekara 18. A sabunta kati da wuri, a kuma karɓi takardar bayanin jinyarsa daga likitan yara a kai wa sabon likita.