Lamba 350 da Tarihin Takardun Bayanin Linux

Kowace wayar Android da ke kan teburin mai gyara a kasuwar Gummi a kan Linux take tafiya. A cikinta akwai wani ɗan fayil da ke faɗin zafin batir. Idan ya nuna 350, digiri 35 yake nufi, domin a wannan sashe ana raba kowane digiri gida goma. A sashen da ke lura da zafin sauran kayan cikin wayar kuwa, digiri 35 ɗin nan 35000 ake rubuta shi. Lambar ba ta faɗin ma'auninta, sai takardar bayani. Mai rubuta manhajar da bai gane takardar ba yana iya sa waya ta yi ta gargaɗin ƙarya, ko ta yi shiru alhali batir na ƙuna.

Waɗannan fayiloli, da ake kira sysfs, sun iso ga jama'a ne da Linux 2.6 a watan Disamba na 2003, bisa ƙa'idar kowane fayil ya ɗauki ƙima ɗaya. Ƙa'ida ce mai kyau, amma fayilolin sun yi ta hayayyafa, bayaninsu kuwa a warwatse. A 2006 Greg Kroah-Hartman ya buɗe musu kundi na musamman, inda kowane bayani zai faɗi sunan fayil, ranar shigarsa, wanda za a tuntuɓa da kuma aikinsa. Aka kasa kundin gida huɗu: tabbatattu, na gwaji, waɗanda ake shirin yasarwa da waɗanda aka riga aka cire.

Sai dai rubutawa daban, karantuwa daban. Kowane injiniya da irin salonsa: wani ya zana jadawali da alamomin madannai, wani ya cusa ma'aunai biyar a jimla guda. Manyan littattafan jagorar kuma da DocBook ake haɗa su, kayan aiki mai wuyar sha'ani da masu rubutu da dama ke gudu.

Sauyin ya zo a 2016, lokacin da Jonathan Corbet, mai kula da takardun, da Jani Nikula suka jagoranci komawa Sphinx a Linux 4.8. Hikimar ita ce rubutun yana karantuwa yadda yake, kuma na'ura na iya mayar da shi shafin intanet mai tsari. Kundin sysfs bai bi sahu ba sai a 2020, bayan Mauro Carvalho Chehab, ɗan ƙasar Barazil, ya bi fayilolinsa yana daidaita sakin layi da jadawali. Aiki ne marar armashi, amma a cikinsa aka bankaɗo fayilolin da aka bayyana sau biyu a wurare daban-daban.

Bayanin zafin batirin nan kuwa, duk da ɗimbin wayoyin da suka dogara da shi, a rukunin na gwaji aka ajiye shi.