Sinadarin riboflabin a abinci: Halal ne ko haram?

A Randagi da sauran garuruwan ƙasar Birnin Gwari da ke yammacin jihar Kaduna, nono da ƙwai da hanta da ganyen miya su ne hanyoyin da jama'a suka saba samun sinadarin riboflabin, ko da ba su san sunansa ba. Sai dai shekarun da aka kwashe ana satar shanu a yankin dajin Kamuku sun raba iyalai da dama da garkensu, yayin da burodi da taliya da biskit ke ƙara samun gindin zama. A jikin irin waɗannan kaya ne akan ga sunan sinadarin, ko lambarsa E101, abin da kan sa wasu Musulmi tambayar matsayinsa a shari'a.

Mene ne riboflabin?

Shi ne bitamin B2, kuma launinsa rawaya ne. Wani masani ɗan Ingila, Alexander Wynter Blyth, ne ya fara gano shi a cikin madara a shekarar 1879. Babban mutum na bukatar miligiram 1.1 zuwa 1.3 a kullum. Ƙarancinsa kan haddasa tsagewar gefen baki da kumburin harshe. Idan kuma ya yi yawa, jiki kan fitar da rarar ta fitsari.

Kamfanoni na zuba shi a abinci ne domin ƙara masa amfani, ko domin ba shi launi. A Najeriya, tun shekarar 2002 gwamnati ta wajabta inganta fulawa da sukari da man girki da bitamin A, kuma riboflabin na cikin sinadaran da ake ƙara wa fulawar alkama. Hukumar NAFDAC ce ke sa ido a kan haka.

Yaya ake samar da shi?

A da ana haɗa shi ne ta hanyar sarrafa sinadarai. Amma daga shekarar 1990, lokacin da kamfanin BASF na Jamus ya koma amfani da wani naman gwari mai suna Ashbya gossypii, al'amarin ya sauya. A yau kusan dukkan riboflabin da ke kasuwa ƙananan halittu ne ke samar da shi, bayan an ciyar da su da man tsirrai ko sukari. Ba a tatso shi daga jikin dabba, domin yin hakan na da tsada ƙwarai.

To ina matsalar take?

Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce, asalin abubuwa halal ne har sai dalili ya haramta su. Don haka riboflabin a kansa halal ne. Shakku kan taso ne a wurare biyu: abin da aka ciyar da ƙwayoyin halittar da shi, da kuma ɓawon kafso na magani, wanda akan yi da jelatin, wani lokaci daga fatar alade.

Irin wannan ya taɓa faruwa a Indunusiya, inda a farkon 2001 aka janye sinadarin ɗanɗano na Ajinomoto daga kasuwa, bayan majalisar malaman ƙasar ta gano an yi amfani da wani abu mai tushe daga alade wajen renon ƙwayoyin.

Malamai dai sun saɓa a kan istihala, wato rikiɗewar najasa zuwa wani abu dabam. Malikawa, waɗanda mazhabarsu ce ta fi rinjaye a arewacin Najeriya, da Hanafawa na ganin cikakkiyar rikiɗa na tsarkake abu, kamar giyar da ta zama khal da kanta. Shafi'awa kuwa sun taƙaita hakan matuƙa. Wani taron malamai da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 ya halatta jelatin bisa wannan hujja, amma wasu malaman ba su amince ba.

Ga mai saye a kasuwar Birnin Gwari, ganin E101 a jikin kaya ba dalilin ƙin sa ba ne. Ya kamata dai a san cewa lambar NAFDAC shaidar inganci ce kawai, ba shaidar halal ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da kafso ba, yana iya neman ƙwayar magani ko na ruwa, ya kuma tambayi mai sayar da maganin abin da ke ciki.