Aibobin gilashin kyamara da yadda ake gyara su

Duk mai ɗaukar hoto a Maraɗi, da kyamara ko da wayar salula, ya taɓa ganin bango miƙaƙƙe ya fito a lanƙwashe. Sau da yawa laifin na gilashin kyamara ne, wanda ake kira objectif da Faransanci.

Lanƙwasar ta fi yawa a gilashi mai faɗin gani. Idan aka ɗauki ƙofar fadar Sarkin Gobir a Tibiri daga kusa, layukan gefe kan kumbura waje kamar cikin tulu. Manhajar Lightroom tana da bayanan gilasai masu yawa, tana gane wanda aka yi aiki da shi ta miƙe layukan. Darktable kyauta ce, ita ma tana yin haka. Sai dai miƙewar tana cinye gefen hoto, don haka a bar fili tun wajen ɗauka, kar hular wani dogari ta tafi.

Akwai kuma zare ja, kore ko shunayya da ke bin gefen farar riga a rana tsaka. Gilashi ba ya karya launukan haske daidai wa daida: shuɗi ya fi ja karyewa. Tsohuwar matsala ce, tun 1758 John Dollond ya yi rajistar gilashi mai haɗi biyu a Ingila don rage ta. Yau maɓalli guda ke share mafi yawanta.

Duhun kusurwoyi kuwa a fili ake ganinsa, misali a sararin sama bisa gonakin noman rani na Jiratawa. Tsuke ramin shigar haske zuwa f/8 yana rage shi. In an haskaka kusurwoyin a kwamfuta, tsakuwa-tsakuwa kan fito.

Wanda ya fi cutar mutane ba ma aibin gilashi ba ne. Idan aka matso da waya dab da fuska, hanci ya yi girma, kunnuwa su ja baya. Kusanci ne ke jawo wannan, kuma gyaran gilashi a manhaja ba ya maganinsa. Ga hoton katin ɗan ƙasa, na fasfo ko na takardun jarrabawar BEPC, mai hoto ya ja baya kamar mita 2, kyamara daidai tsayin ido, sannan ya jawo fuskar da zum. Wannan hoton ne jami'i zai duba ya kwatanta da fuskar mai shi shekara da shekaru.