Lystrosaurus: Dabbar da Ƙashinta ya Haɗa Afirka da Ƙasar Sin

Duk ɗalibin da ya ɗan daɗe a Guangzhou ya san kasuwar Qingping ta masu maganin gargajiya. Cikin magungunan da Sinawa suka daɗe suna amfani da su akwai wanda suke kira longgu, wato ƙashin dodo. Ba na wani dodo ba ne, ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe ne waɗanda suka zama dutse, ake haƙo su a daka. A shagon irin wannan magani a Hong Kong ne masani von Koenigswald ya tsinci haƙorin ƙaton birin nan Gigantopithecus a 1935. Abin da nake so mu duba, 'yan'uwa ɗalibai, shi ne yadda ƙasar da ke daka irin waɗannan ƙasusuwa ta koma mai nazarinsu, kuma dabba guda ta ishe mu misali.

Sunanta Lystrosaurus, kamar yadda Ba'amurke Edward Cope ya raɗa mata a 1870 daga ƙashin da aka samo a Afirka ta Kudu. Ma'anarsa da Girkanci ƙadangare mai shebur, sai dai sunan ya yi mata ƙarya. Ba ƙadangare ba ce, ba kuma dinoso ba ce, don ta riga su zuwa da shekaru kusan miliyan 20. Ta fi kusa da dabbobi masu shayarwa irin su saniya da raƙumi, shaidar kuwa ita ce kafa guda da ke bayan gurbin ido a ƙoƙon kanta, wadda duk danginsu ke da ita. Ba daga gare ta masu shayarwa suka fito ba, 'yan maza zar ne. Yawancinsu ba su wuce tsawon mita ɗaya ba, kamar dai matsakaicin rago mai gajerun ƙafafu. Haure biyu ne kawai a bakinta, sauran bakin kuma irin na kunkuru, da shi take tsinke ganye. Tana haƙa rami ta shige.

Kimanin shekaru miliyan 252 da suka wuce, aman wutar duwatsu a Sibiriya ya cika sararin sama da gurɓatacciyar iska, duniya ta yi zafi, teku ya lalace, mafi yawan nau'o'in halittu suka ƙare. A Meishan da ke lardin Zhejiang ne masana suka amince a 2001 a kafa alamar wannan iyaka a jikin dutse. Lystrosaurus ta tsallake. Ba tsallakewa kaɗai ba, a duwatsun Karoo na Afirka ta Kudu da suka biyo bayan bala'in, ƙashinta ya fi na duk sauran dabbobin tudu yawa nesa ba kusa ba. Wasu na danganta haka da zaman rami. A 2020 Megan Whitney da Christian Sidor sun yanka haurenta, suka ga layukan da ke nuna cewa na kusa da ƙuryar kudancin duniya kan yi wani dogon kwanci idan yanayi ya tsananta.

To, ta ina ta shigo tarihin Sin? A 1926 ɗan ƙasar Suwidin Sven Hedin ya zo Beijing da kuɗin kamfanin Lufthansa, yana son ratsa arewa maso yammacin ƙasar. Kafin shi Turawa irin su Aurel Stein da Paul Pelliot sun kwashi rubuce-rubucen Dunhuang zuwa Landan da Faris, kuma malaman Beijing ba su manta ba. Suka kafa ƙungiya, suka ce ba za ta saɓu ba. A Afrilun 1927 aka sa hannu a kan yarjejeniya: za a yi shugabanni biyu, Hedin da Farfesa Xu Bingchang, Sinawa malamai da ɗalibai za su shiga tafiyar, abin da aka haƙo kuma hukumar Sinawa za a miƙa wa. A lokacin ƙasar na fama da yaƙin basasa da talauci, ba ta da wani ƙarfin da za ta yi barazana da shi. Taurin kan malamai ne kurum.

Cikin waɗanda suka tafi har da masanin duwatsu Yuan Fuli. Daga 1928 ya riƙa haƙo ƙasusuwa a yankin Jimsar na Xinjiang, ya dawo da su Beijing a 1932. Shi da Yang Zhongjian, wanda ya gama digirin dakta a Munich a 1927 ya komo gida, suka bayyana a 1934 cewa akwai Lystrosaurus a ciki. A 1935 Yang ya raɗa wa wani nau'i Lystrosaurus hedini. Baƙo ya samu suna, ƙashi ya zauna a gida. A ganina ba a yi cinikin da ya fi wannan ba.

Wannan bincike ya ƙara wa wata tsohuwar gardama wuta. Yaya dabba mai gajerun ƙafafu, wadda ba ta iya ƙetare teku, za a same ta a Afirka ta Kudu da Indiya da Xinjiang? Tun 1912 Bajamushe Alfred Wegener ya ce nahiyoyi a haɗe suke da, daga baya suka rabu, aka yi masa dariya har ya rasu a 1930. Sai a Disamban 1969, da ayarin Edwin Colbert ya samo ƙashinta a Coalsack Bluff cikin ƙanƙarar Antatika, shaidar ƙasusuwa ta dace da abin da masu awon ƙarƙashin teku suka gano a shekarun nan.

Abin sha'awa, mu da muke tsakiyar waccan dunƙulalliyar ƙasa ba a samu danginta a wajenmu ba. Kusa da Arlit a Nijar akwai duwatsun da ake kira Moradi (ba Maraɗi ba, kada Maraɗawa su yi saurin murna), waɗanda suka girmi bala'in. A nan Bafaranshe Philippe Taquet ya bayyana Moradisaurus a 1969, sannan a 2003 Sidor da Blackburn da ɗan Nijar Boube Gado suka bayyana Bunostegos akokanensis, mai sunan garin Akokan. Masu cin ganye ne, amma dangin ƙadangare. Masana na ganin hamadar da ke tsakiyar ƙasar a lokacin ce ta killace wurin, ya yi dabbobinsa na daban.

Nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Cibiyar da Yang Zhongjian ya jagoranta a Beijing ta horar da waɗanda suka zo nan lardin Guangdong, suka haƙo dabba mai cin ganye Bemalambda a Nanxiong, suka bayyana ta da kansu a 1973. A 1972 kuwa ayarin Faransawa ya haƙo dinoso Ouranosaurus a Gadoufaoua ta Nijar, kuma mai son ganin wancan ƙwarangwal sai ya nemi bizar zuwa gidan tarihi na Venice. A tarukanmu na ɗalibai ina jin masu karatun likita da injiniya da kasuwanci, har yau ban ji wanda ya ce ilimin duwatsu ya kawo shi ba.