Zumunta a ƙafa take: tarihin tafiya biki tsakanin Arewa da Kurmi

1/ Jama'a, yau zaren namu na tarihi ne. Yaushe Bahaushe ya fara ɗaukar ƙafa daga Kano zuwa Ikko, tafiyar kilomita sama da 1,000, don kawai ya halarci ɗaurin auren ɗan'uwa? Abin bai daɗe kamar yadda muke zato ba. Ku biyo ni.

2/ Mu fara da zamanin fatake. A ƙarni na 19 ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari kan tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, musamman kasuwar Salaga da ke Ghana ta yau, su kai kanwa da tufafi su sayo goro. Da jakuna ake tafiya, madugu ke jagoranci.

3/ Tafiyar watanni ce, kuma da rani ake yin ta. To a haka wa zai aika maka goron gayyata? Kafin labari ya iske ka a zango, amarya ta tare, wataƙila ma an kusa suna. Goron ɗaurin auren ya iso daga Gwanja, amma ɗan'uwan da ke can bai iso ba.

4/ Shi ya sa bikin da can na kusa ne: ƙauyen da ƙafa ko jaki zai kai ka a yini ɗaya ko biyu. Wanda ya yi nisa kuwa sau da yawa can yake aure inda ya sauka. Haka zangunan Hausawa suka kafu, dangi suka rabu biyu, wasu ba su sake ganin juna ba.

5/ Misali sananne: Alhassan Ɗantata. A Bebeji aka haife shi a 1877, amma mahaifiyarsa ta zauna a Akara tana kasuwanci, sai da ya girma ya bi ta can. Uwa a bakin teku, ɗa a ƙasar Kano. Gidaje da yawa haka suke a lokacin.

6/ Abin da ya sauya lissafi shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo daga Ikko ya kai Badun a 1901. Wanda ya taso daga Baro ya shiga Kano a 1911. A 1912 aka haɗe Ikko da Kano. Tafiyar watanni ta koma ta 'yan kwanaki.

7/ A Jebba ma da farko babu gada a babban reshen kogin Kwara, jirgin ruwa ne ke fito da taragai zuwa ɗaya gaɓar, har aka gama gadar a 1916. Kuma fa Turawa ba don bikinmu suka shimfiɗa dogon ba, auduga suke nema, sai gyaɗa ta cika taragan.

8/ Amma mutanenmu suka mai da shi nasu. Shanu su gangara Kurmi, goro ya hauro Arewa. Unguwar Sabo ta Badun an kafa ta a 1916. Ga Agege, ga Sabon Shagamu inda ake hada-hadar goro. Yanzu wanda ke Kurmi yana iya neman mata a garinsu, a kawo masa ita.

9/ Nan aka samu sabon abu: kai amarya ta jirgi. Gwaggo da inna da ƙawaye su cika ɓangare guda na tarago, ga akwatuna, ga kwanuka da tasoshi, ga gara: nakiya, alkaki, dubulan. Guzuri kuma dambun nama da ƙuli-ƙuli da soyayyar kaza.

10/ Tsofaffi har yau suna iya jero maka tashoshin a ka: Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, Mokwa, Jebba, Ilori, Offa, Oshogbo, Badun, Abekuta, Agege, har Iddo. Kowace tasha da abin da ake saya ta taga. Mata da yawa wannan ce tafiyarsu ta farko da suka ga duniya.

11/ Sauran layuka suka biyo baya. Ƙauran Namoda 1929, Nguru 1930, gadar Makurɗi 1932 ta sauƙaƙa hanyar Inugu da Fatakwal, Maiduguri sai 1964. Duk inda dogo ya kai, gayyar biki ta bi shi.

12/ Gayyatar kanta fa? Ba waya a aljihu. Wasiƙa ce, sau da yawa da ajami, a ba ɗan tiredar goro ko direban da aka yarda da shi, a haɗa da 'yan ƙwaryar goro da alawa. Idan abin na gaggawa ne sai a buga tangaraho daga gidan waya.

13/ Me ya sa ake shan wannan wahalar? Saboda a wajen Bahaushe biki bashi ne. A littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, an nuna yadda mata ke yi wa juna gudummawa, a rama idan naki ya zo. Wanda ya zo miki, dole ki je masa.

14/ Ga mazauna Kurmi kuma akwai ƙarin dalili. Biki ne lokacin da yaron da aka haifa a Agege zai ga kakarsa, ya san gidansu, a gyara masa Hausarsa da tsokana. A nan ake ganin 'yan mata a ƙulla auren zumunci, a nan ake sasanta 'yan'uwan da suka yi shekaru ba sa magana.

15/ Daga shekarun 1970 kwalta ta fara ƙwace fasinja. Jirgin ƙasa ya yi ta lalacewa, makara ta zama ɗabi'arsa. Aka koma shatar bas da doguwar motar dare. Sauri ya ƙaru, amma hatsari ma ya ƙaru. Sau nawa muka ji an ce 'yan kai amarya ne hatsari ya rutsa da su? Allah Ya jiƙan su.

16/ A 2001 wayar salula ta shigo, gayyata ta zama abin minti ɗaya. A ƙarshen 2012 aka farfaɗo da jirgin Ikko zuwa Kano bayan gyara, tafiyar kan ci awa 30 ko fiye. A 2016 aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna, mutane suka yi ta murna.

17/ Sai kuma matsalar tsaro. Garkuwa da mutane ta sa hanyoyi irin na Birnin Gwari da Abuja zuwa Kaduna suka zama abin fargaba, har jirgin ma aka kai wa hari ranar 28 ga Maris, 2022. A Mayun 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo.

18/ Yanzu da yawanmu alat muke turawa, mu kalli ɗaurin aure a WhatsApp, mu rubuta "Allah Ya ba da zaman lafiya". Ba laifi ba ne, wanda bai da hali ko yake tsoron hanya yana da uzuri. Sai dai alat ba ya gabatar da yaro ga kakarsa.

19/ Kakanninmu na zamanin ayari nisa ne ya raba su, ba su da zaɓi. Iyayenmu suka samu jirgi suka ɗinke ɓarakar. Idan muka bari ta sake buɗewa, 'ya'yanmu za su haɗu da 'yan'uwansu a tasha su wuce juna. Ko mutum ɗaya ne a haɗa masa kuɗin mota ya wakilci gida.

20/ Nan zan tsaya. Wanda gidansu ke da labarin kai amarya ta jirgi, ya tambayi tsofaffi tun suna raye, ya ajiye mana a ƙasa: daga wane gari zuwa wane gari, kwana nawa aka yi. Allah Ya tsare matafiya, Ya bar zumunci.