Yumɓu: katangar da ake yi wa sharar nukiliya

A baya, yuraniyom ɗin Arlit ya daɗe yana ciyar da tashoshin lantarkin Faransa. To, ina shararsu ke zuwa? A Bure, gabashin Faransa, hukumar Andra na shirin binne wadda ta fi haɗari a zurfin mita 500, cikin yumɓun da ya shekara miliyan 160.

Me ya sa yumɓu? Ruwa ba ya ratsa shi sai da ƙyar, yana riƙe ƙwayoyin guba, in ya tsage kuma ya jiƙa, sai ya kumbura ya toshe tsagar.

Amma fa sharar na fidda zafi, gangunan ƙarfe na tsatsa, ruwan siminti mai kaifi irin na kanwa yana cin yumɓun. Da yake ba mai zaman jiran shekara dubu 100, masana kan zuba sakamakon gwajin ƙarƙashin ƙasa cikin kwamfuta, ta lissafa iyakar inda ɓarnar za ta kai. An kuma ƙayyade kada zafin yumɓun ya wuce digiri 90.

Mu ma abin ya shafe mu. Bayan rufe Cominak a 2021, yumɓu da duwatsu aka zaɓa don lulluɓe tulin sharar Akokan, wajen tan miliyan 20.